Bawul da Murya: Na'urar Ƙara Sauti da Kunnen Bahaushe a Ƙasar Gaya da Ajingi



Na san ba za a rasa wanda ya ga kan wannan lacca a jikin allo ya ce a ransa, me ya haɗa malamin Hausa da kayan masu gyaran rediyo ba. Amsar ita ce, harshe sauti ne tun kafin ya zama rubutu, kuma a yau mafi yawan Hausar da ake yi wa taron jama'a, ko huɗuba ce, ko wa'azi, ko waƙa, ko sanarwar cigiya a kasuwa, sai ta ratsa ta cikin na'ura kafin ta isa kunne. Duk abin da na'urar nan ta yi wa sautin, to, Hausa ta yi wa. Saboda haka mai nazarin harshe yana da hakkin ya leƙa cikin akwatin ya ga abin da ake yi wa kayansa.

A gidanmu a Gaya, sa'ad da nake yaro, akwai wani akwatin ƙarfe mai nauyi wanda kakana yake bayarwa haya tare da lasifika biyu, ana ɗaukarsa a kan keke ko amalanke zuwa wuraren biki da saukar karatu, har ƙauyukan Ajingi. Idan aka kunna shi ba ya magana nan take, sai an jira kamar rabin minti, wasu 'yan kwalabe da ke cikinsa su yi ja kamar garwashi, sa'an nan murya ta taso. Waɗannan kwalabe su ne masu gyaran rediyo suke kira bawul. Da na'urorin zamani suka yawaita aka jingine shi a zaure, amma dattawa ba su daina cewa ya fi sababbin "sanyin murya" ba. Bayan rasuwar kakana aka sayar wa 'yan gwangwan da shi don tagullar da ke cikinsa, kuma ina cikin waɗanda suka ɗora shi a kan sikeli. Shekaru bayan haka, ina karatu a Ingila, na ga irinsa a tagar wani kanti da kuɗin da ya fi na bijimi a kasuwar Wudil. Tun daga ranar nake son in san ko maganar dattawan nan tana da tushe, ko kuwa begen ƙuruciya ne kawai. Abin da na samu shi ne zan gabatar a yau.

Yadda bawul yake aiki

Asalin bawul ƙwan lantarki ne. A farkon shekarun 1880 Thomas Edison ya lura cewa idan aka sa wani ɗan ƙarfe a cikin ƙwan da aka zuƙe wa iska, lantarki yana iya tsallakawa daga zaren da ya yi zafi zuwa ga ƙarfen, alhali babu wayar da ta haɗa su. A 1904 wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya mai da wannan abin mamaki na'ura. A 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya saka wata 'yar raga ta siririyar waya a tsakanin zaren da ƙarfen, kuma wannan raga ita ce ta buɗe ƙofar ƙara ƙarfin sauti.

Mu ɗauki misalin mai lambu a fadama. Ruwa yana gudu a babbar hanya da ƙarfinsa, shi kuwa mai ban-ruwa da 'yar fartanya yake buɗe bakin fangali ko ya toshe. Ƙarfin na ruwa ne, iko kuwa na fartanya. Haka abin yake a cikin bawul. Akwai wani ɗan murhu, galibi mai cin bolt 6.3, wanda yake gasa wani ƙarfe har ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki. Akwai kuma faranti da aka ɗora wa lantarki mai ƙarfi, daga bolt 250 zuwa 450 ko fiye, wanda yake jawo ƙwayoyin nan. Ragar tana tsakaninsu, kuma ita ake kai wa ɗan raunannen lantarkin da makirfo ya samar daga muryar mai magana. Duk ɗan motsin da lantarkin raga ya yi, sai kwararar da ke tafiya ga faranti ta ƙaru ko ta ragu daidai da shi. Watau na'urar ba ta ƙara wa murya kome, kwaikwayon muryar take yi da lantarkin da ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma kowa ya san babu kwaikwayon da ke fita daidai wa daida. A cikin ɗan bambancin da ke tsakanin murya da kwaikwayonta ne duk maganarmu ta yau take.

An ci gaba da kyautata bawul, har aka sami waɗanda suka yi suna, kamar 6L6 na kamfanin RCA a 1936, da 300B na Western Electric a 1938, da EL34 da EL84 na Philips da Mullard. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakin binciken Bell a Amurka, wadda ba ta bukatar murhu, ba ta fashewa, kuma batir ƙanƙane ya ishe ta. Cikin shekara ashirin da 'yan kai ta kori bawul daga kusan kowane gida.

Zuwansa ƙasar Kano

A 1944 aka kafa tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a birnin Kano, aka kakkafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Malam Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa na 2008 a kan kafofin watsa labarai a Kano. Hukumar NBC ta fara aiki a 1957, shekarar da BBC ta buɗe Sashen Hausa, sa'an nan gidan rediyon Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna a 1962. Waya ba ta kai irin su Gaya ba, balle ƙauyukan Ajingi, don haka ta hanya biyu sautin na'ura ya iso mana. Ta farko ita ce akwatin rediyo mai batir, wanda a wancan zamani batirinsa ya yi girman tubali, domin sai ya ba da bolt ɗaya da rabi na murhu da kuma kimanin bolt 90 na faranti. Ta biyu ita ce motar 'yan siyasa. Bayan kafa NEPU a 1950, da kuma zaman NPC jam'iyyar siyasa a 1951, motoci masu lasifika a ka suka shiga zagaya kasuwanni, musamman gab da zaɓen 1959. Daga batirin mota ake ciyar da amfilifayar, tare da wata 'yar na'ura mai karkarwa da ke ɗaga lantarkin zuwa abin da bawul yake bukata.

Ba zan wuce nan ba sai na yi ɗan ratse. Tarihin baka na Kano yana cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka taso. Ni dai ban yi mamaki ba da na tarar cewa yaran garin nan da ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba sun koyi naɗa taransfoma da hannu, suna ƙirga zagayen waya kamar mai jan carbi.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin adabi shi ne wannan: tun daga 1925, lokacin da aka fara ɗaukar faifai da lantarki, har zuwa cikin shekarun 1960, duk muryar da aka ɗauka ta bi ta cikin bawul. Ke nan abin da muke da shi na Ibrahim Narambaɗa, da waƙoƙin farko na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, murya ce da aka haɗa da halin na'ura. Wanda bai taɓa zama a gaban Narambaɗa ba, idan ya ce ya san amon muryarsa, to, rabin abin da ya sani na makaɗin ne, saura kuwa na makirfo da bawul da faifai.

Mece ce "sanyin murya"?

Kowace murya tana da uwa da 'ya'ya. Idan namiji baligi ya ja wasali, tantanin maƙogwaronsa yana kaɗawa kamar sau 120 a daƙiƙa, na mace kuwa kusan ninki biyu. Wannan ita ce uwar murya. Tare da ita akwai 'ya'yanta masu kaɗawa sau 240, da 360, da 480, haka har sama. Yawan ƙarfin kowace 'ya shi ke bambanta wasalin a da wasalin i, shi ne kuma ke sa mu gane muryar wane daga ta wane ko a cikin duhu.

To, kowace amfilifaya tana ƙara wa sauti wasu 'ya'yan da ba nasa ba. Bawul mai raga ɗaya, idan shi kaɗai ke aiki, abin da ya fi ƙarawa shi ne 'ya ta biyu, watau ninki biyu na uwa. Kunne ba ya ƙin wannan, domin tamkar yaro ne ya bi babba da amshi a kan kari ɗaya, sai dai muryarsa ta fi siranta. Sauti yakan yi kauri, ya cika. Amma 'ya'ya na nesa, kamar ta bakwai da ta tara da abin da ya yi sama, ba sa jituwa da uwa, su ne ke sa kunne ya ji kamar ana karta kwano da wuƙa. A nan wajibi ne in yi gyara ga abin da ake yawan faɗa, cewa wai bawul 'ya'yan cika yake bayarwa, taransista kuma 'ya'yan mara. Maganar ba ta tsaya haka ba. Manyan amfilifayoyin taro, irin na kakana, bawul biyu-biyu ake haɗawa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma wannan haɗi da kansa yana kashe yawancin 'ya ta biyu. Saboda haka sai mu nemi sirrin a wani wuri.

Wurin kuwa shi ne halin na'ura idan an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Kowace amfilifaya tana da rufin da ba ta iya wucewa. Bawul yakan tunkari rufinsa a hankali, kamar jakin da kaya ya yi wa yawa, ya rage sauri kafin ya tsaya, don haka ƙololuwar sautin takan lanƙwashe. Amfilifayar taransista irin wadda aka saba ƙerawa tana tafiya da tsabta ƙwarai har ta kai rufin, daga nan sai ta datse kan sautin kamar an sa almakashi, kuma wannan datsewa ita ce ke haifar da 'ya'yan nesa masu kartar kunne. Wani injiniya mai suna Russell Hamm ya buga bincike a kan wannan a 1973, inda ya nuna cewa bambancin da kunne ke ji yana bayyana ne musamman lokacin da aka tura na'ura ta wuce iyakarta. Bugu da ƙari, tsakanin bawul da lasifika akwai taransfoma, wadda takan rage kaifin sautuka na can sama da rugugin na can ƙasa, ta bar tsakiya, inda muryar ɗan Adam take zaune.

Gaskiya kuma ta tilasta in faɗi ɗaya gefen. Idan ba a tura su sun wuce iyaka ba, amfilifaya mai kyau ta bawul da mai kyau ta taransista suna da wuyar bambancewa ga wanda bai ga wadda aka kunna ba. A 1985 wani maƙerin na'urori a Amurka, Bob Carver, ya daidaita amfilifayarsa ta taransista har editocin mujallar Stereophile suka kasa rarrabe ta da wata mai tsada ta bawul. Ashe dai babu wani asiri a cikin kwalbar. Abin da dattawanmu suka ji gaskiya ne, amma dalilinsa shi ne a filin biki ba a taɓa barin na'ura a cikin iyakarta ba, kullum a ƙure take, kuma bawul ya fi iya jure ƙurewa ba tare da ya ɓata fuska ba.

Abin da ya shafi Hausa

Hausa tana rarrabe ma'ana da abubuwa uku da rubutunmu na yau da kullum bai cika nuna biyu daga cikinsu ba: karin sauti, da tsawon wasali, da baƙaƙe. Kowannensu da yadda na'ura take taɓa shi.

Karin sauti shi ne ya raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, shi ne kuma ya raba baba mahaifi da baba uwa da baba na rini. Hawa da saukar uwar murya ne ke ɗauke da shi. Ga abin mamaki: lasifikar ƙaho da ake ɗaurawa a kan hasumiya ko bishiya ba ta iya fitar da sautin da ke ƙasa da kaɗawa 300 a daƙiƙa yadda ya kamata, watau uwar muryar namiji ba ta fita ta cikinta ke nan. Duk da haka muna jin kari sarai. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana auna tazarar da ke tsakanin 'ya'ya, 360 da 480 da 600, ta gano cewa uwarsu 120 ce, kamar yadda ake gane gidan su yaro daga kamanninsa. Tun da 'ya'yan da na'ura ke ƙarawa su ma a kan wannan tazara suke faɗawa, kari yana tsira ko da sauti ya gurɓace. Wannan, a ganina, shi ya sa mutumin Ajingi yana gona, nesa da gari, yakan gane sanarwar rasuwa ce ake yi tun kalmomin ba su rarrabu a kunnensa ba.

Amma wannan tsira ta mai magana shi kaɗai ce. Idan makaɗi da 'yan amshi da kalangu suka shiga makirfo ɗaya, na'urar kuma tana ƙure, sai sautukan su riƙa haifar da wasu sababbi daga jimlarsu da bambancinsu, waɗanda ba 'ya'yan kowa ba ne. A nan ne waƙa ke damewa. Kalangu kuwa shi ya fi cutuwa, domin maganarsa duka a kan kari take, ga shi kuma kowane bugu yana farawa da tsini mai ƙarfi wanda shi ne ke fara cin karo da rufin na'ura.

Tsawon wasali, wanda ya raba fari na launi da fari na farawa, amfilifaya ba ta cika taɓa shi ba. Maƙiyinsa shi ne amsa-kuwwa, musamman idan aka kafa ƙahoni huɗu suna fuskantar bangaye, ko aka murɗa maɓallin nan mai maimaita murya da masu sanarwar biki suke ƙauna, har gajeren wasali ya yi jela.

Baƙaƙe su ne marasa gata. Abin da ke raba sa da sha, ko sara da tsara, yana can sama, daga kaɗawa 3,000 zuwa 8,000 a daƙiƙa, inda ƙarfin sauti ba shi da yawa. Rediyo mai gajere da matsakaicin zango ba ya wuce kimanin 5,000, don haka tun asali waɗannan baƙaƙe da rauni suke isowa. Idan kuma na'ura ta datse wasula, tarkacen da ta haifar a daidai wannan yanki yake zuba, ya binne su. Haka nan ƙ da ts, waɗanda ake furtawa da ɗan fashewar iska mai kaifi, ina jin kaifin nan yana dusashewa, har baƙi ya kusanci baki. Na sha tsayawa a bakin kasuwa ina sauraron mai tallar magani, ina jin hawa da saukar maganarsa daram, amma rabin kalmominsa sai dai in cika da ka.

Ko za a koma ga bawul?

Ban zo nan don in ce kwamitin masallaci a Ajingi ya tafi neman bawul ba. Yana cin wuta ko ana magana ko ba a yi, zafin bazara yana gajarta kwanansa, ƙurar hunturu tana kwanciya a ƙafafunsa, kuma lantarkin cikinsa yana iya kisa ko bayan an kashe shi, abin da ya kamata duk yaron da ya tsinci tsohon akwati ya sani. Masana'antun da suka rage suna ƙera shi kaɗan ne, a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin, da kuma Western Electric a Jojiya ta Amurka, kuma a 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya sa ya yi ƙaranci da tsada a duniya. Masu kaɗa jita da masu sha'awar faifai su ne kasuwarsa. Ga wanda ya dogara da hasken rana da batir, amfilifayar zamani wadda ke kai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci ga lasifika ita ce daidai.

Abin da za a ɗauka daga bawul halinsa ne, kuma ana iya samun wannan hali ba tare da shi ba. A sayi amfilifayar da ta fi bukata ƙarfi, a kunna ta rabi, don tsinin murya ya sami wurin wucewa. Idan jar fitilar gargaɗi tana ƙyaftawa, to, ana datse sauti ke nan, a rage. Mai magana ya ja baya da bakinsa kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Ƙahoni ƙanana da yawa a warwatse sun fi ɗaya babba mai tsawa. Masana lafiyar kunne sun sa ma'aunin desibel 85 na tsawon awa takwas a matsayin iyaka, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi, alhali yaran da ke zama a gindin lasifika a wurin biki suna shan abin da ya fi haka nesa.

Saura maganar taskar waƙoƙinmu, wadda ta fi damuna a matsayina na malamin wannan fanni. Ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan Narambaɗa da Shata daga sautin da suka karɓa a wurin masu tura waƙa a waya, wanda aka kwafa daga kaset, shi ma daga wani kaset, aka matse shi don ya yi sauƙin aikawa. A kowane mataki baƙaƙen nan marasa gata ne ke fara zubewa, kuma na sha ganin an rubuta kalmar da makaɗi bai faɗa ba, har an gina sharhi a kanta. Faifan asali da zaren rikoda na gidajen rediyo, da waɗanda ke cikin akwatunan gidajen sarauta da na attajirai a garuruwa irin su Gaya, su ne ya kamata a nemo a kwafe su yadda suke, da shacinsu da ƙararsu, ba tare da an goge kome ba, a kuma rubuta irin na'urar da aka yi amfani da ita. Wanda yake son ya tsabtace, ya yi a kan kwafi na biyu. Ina roƙon ɗaliban da suka fito daga wannan yanki, idan sun je hutu, su tambayi dattawan gidajensu abin da ke jingine a zaure kafin 'yan gwangwan su riga mu.